Ƙafata a Cikin Hular Tsoho

Garnobul, ƙasar Faransa, 1956

Zuwa ga Yaya Uwani a Bande,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran da na bar miki. Allah ya ƙara lafiya, ya saka miki da alheri. Ni ma lafiya lau, ɗan Madam da nake raino har ya fara tafiya. Sanyi ne dai, Yaya, ba a magana.

To abin da ya sa na rubuto, wallahi kunya ce. Ran Lahadi mijin Madam, wanda muke kira Mushe, ya kwashe mu a mota zuwa wani ƙaton dutse a bayan garin nan. Dutsen fari fat da ƙanƙara, kamar an shanya auduga. Mutane kamar kasuwar Magarya, kowa ya ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafa yana sulalowa daga sama, wasu kuma an zuba su a akwati ana jan su a igiyar ƙarfe. Wai wasa ne! Har da masu furfura.

A ƙofar otal Madam ta nuna mini wani tsoho zaune yana shan hantsi, ta ce baban Mushe ne, in je in gaishe shi. Ke kin san yadda Inna ta rene mu. Uban maigidan aikina, in tunkare shi da takalmi? Tun daga nesa na tuɓe, har safa, na taka ƙanƙarar nan na je na durƙusa. Gaisuwar ma ban gajarta ba. Da na zo tashi, ƙafa ta ce ba ta san ni ba, na koma daɓas. Tsohon nan ya zabura yana ihu, sai ga shi a ƙasa gabana, ya kama ƙafata hannu biyu yana murzawa, ya cire hularsa ta ulu ya cusa ƙafar a ciki. Hularsa fa, Yaya! Sa'an Baba Maigari! Mutane suka kewaye mu, wasu na dariya. Ni dai na rufe fuska da mayafi, na so ƙasa ta tsage in shige, ita ma ta daskare.

Ashe Mushe ya ɗauki hoto. Jiya ya nuna mini, wai duk ya fi kyau, zai kafa shi a ɗakin cin abincinsa a Magarya. Na roƙi Madam, ta ce ba kome, taimako tsohon ya yi. Ba su gane ba. Ga shi Mushe zai riga mu komawa, kuma kin san baban yara ne kukunsa, shi ke shiga ɗakin nan da faranti kullum. Sanyi ba ya fitowa a hoto, Yaya. Wani namiji kawai zai gani riƙe da ƙafar matarsa.

Don Allah ran kasuwa ki je Magarya ki sami baban yara, ki faɗa masa daga farko, tun daga tuɓe takalmi. Ya ji daga bakinki kafin ya gani a bango. In ya yi fushi, ki tambaye shi, da shi ne gaban tsohon, da takalmi zai gaishe shi?

Ki gaida Altine da Muttaƙa da babbarsu, ki gaida Ɗela ta Waca. Baba Maigari ma ki gaishe shi, amma kar ya ji wannan.

Ni ce ƙanwarki,
Hinda