Tafin Hannun Baba Ilu

Daren Laraba, Wudil

Barci ya ƙi zuwa. Har yanzu hannun Baba Ilu nake gani.

Yau aka yi zama a asibitinmu kan alawus ɗin haɗari, wanda aka ce manyan ma'aikata kaɗai za a ba, ban da masu shara da masu gadi. Sunana na cikin takardar waɗanda za a ba, shi ya sa na ja bakina na yi shiru. Ana cikin cacar baki sai ga Baba Ilu mai shara. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar kullum, ya durƙusa, ya gaida shugabanmu har da tambayar iyali. Sannan ya buɗe tafin hannunsa, duk tabon allura.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, allurar da kuka gama da ita, ni nake kwashewa. Shin cuta tana duba matakin albashi kafin ta kama mutum?"

Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba! Shugaba ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ninke takardar, ya ce ba zai sa hannu ba sai an gyara. Ko na sama za su yarda, Allah masani.

Da aka tashi, Baba ya ɗauko tsintsiyarsa. Ina zaune, ya ce, "'Yar nan, ɗan ɗaga ƙafarki in share."

Na ɗaga. Na kasa haɗa ido da shi.