Godiyar Jiya

Ejigbo, farkon damina

Zuwa ga 'yata Abeke,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya kasuwar Abijan? Mu nan sai godiya.

Kujerar da kika aiko wa mahaifiyarki ta iso, laushinta kamar burodi. Saƙonki ma ya iso: kada ta ɗaga ko tsinke, in kuma ba ta ji sauƙi ba zuwa ƙarshen damina, za ki zo ki tafi da ita wurinki. Tun daga ranar, ko tuwon amala ya daina yi mini daɗi. Tun da na auro ta ban taɓa wayar gari babu faɗanta ba, kuma ba da furfura zan koya ba.

Malamar asibiti ta ce hayaƙin tuyar garin rogo ya riga ya ci huhunta, ba zai koma sabo ba. Amma ta ce zama wuri ɗaya ƙara kassara ta zai yi. Ta riƙa takawa kullum, in haki ya taso ta huta, ta ci gaba. Da na faɗa wa matan gidan nan, kallona suka yi kamar na zagi iyayensu. Kin san mutanenmu da girmama babba. Kafin ta miƙa hannu ga moɗa, wata ta durƙusa ta riga ta. Ita ma tsoron sarƙewar numfashi ya kama ta, ta lafe a kujera har ƙafafunta sun sirance. Masu dubiya kuwa ba sa yankewa, wannan da doya, waccan da miya.

Ki gaishe da yara.

Mahaifinki,
Tiamiyu Adegoke

Ejigbo, ƙarshen damina

Zuwa ga 'yata Abeke,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin autarki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Na daɗe ban rubuto ba, don ina so in tabbata tukuna. Kin tuna Iya Alaro mai rini, ƙawar mahaifiyarki da suke tsokanar juna tun suna 'yan mata? Ita ce ta zo wata rana da kwanon ƙosai, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Sannu, sarauniya. Gari kaf ya ciyar da ke, amma ba wanda ya ji godiyar jiya daga bakinki. Ko ciwon har tarbiyyar ya cinye?"

Kin san a wurinmu wanda aka yi wa alheri bai taka ya je godiya washegari ba, da shi da ɓarawo duk ɗaya. Kashegari da hantsi sai na ga mahaifiyarki tana kafa ɗaurin gwaggwaro. Na kai hannu zan riƙe ta, ta ce, "Baba Abeke, ku riƙe wandonku, na san hanya."

Na bi ta a baya kamar bara. A gindin mangwaro ta tsaya tana haki, ta shaƙi maganinta, ta ci gaba. Da ta isa gidan Iya Alaro ta ce, "An gode da jiya, amma gishiri ya yi wa ƙosan nan yawa." Iya Alaro ta juya baya tana share ido da bakin zane.

Tun ranar take bin gidaje, na kusa tukuna. Mutanen gari sun gane dabarar, yanzu na bayan kasuwa ma da gangan suke aiko da lemo don ta je. Ba zan ruɗe ki ba, tarin yana nan, akwai ranakun da iyakarta ƙofar gida. Amma ita ke ɗibar ruwan alwalarta, ita ke sharar ɗakinta, duk wadda ta taɓa tsintsiyar za ta ji. Abeke, alfahari nake yi da matar nan, ko ranar da aka kawo mini ita ban ji haka ba.

Saura mutum ɗaya ba ta gode wa ba, ke ce. Ta ce ki faɗi ranar isowarki, za ta tarbe ki a tashar mota da ƙafarta, ta gode miki kujera. In kin gan ta a can, sai ki yanke hukuncin tafiyar da kanki.

Kujerar ba ta yi asara ba. A kanta nake rubuta miki wannan, ina jiran mai ita ta dawo.

Ki huta lafiya.

Mahaifinki,
Tiamiyu Adegoke