Katin Da Ka Bari A Cikin Kwamfutata

Zuwa ga aminina, marigayi Alhaji Bawa mai gyaran kwamfuta na Maamobi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa, da begen da bai tsufa ba, daga abokinka da ka bari a unguwar Nima.

Na ɗauki alƙalami ne domin in kawo maka labarin nasara, irin wadda da kana raye sai ka yi dariya har hularka ta faɗi. Ni Malam Tanko, wanda ka sha ce wa, "Kai dai tsaya kan waƙarka, ka bar mana ƙarfe," na gyara kwamfuta da hannuna.

Ka tuna laftof ɗin da ka haɗa mini domin in riƙa koya wa jikarka Hauwa'u karatu da Hausa kowace Asabar, tana can Jamus ina nan. A gadon asibiti ka damƙa mini amanar wannan darasi, kuma shekara biyu ban saɓa ba.

Sai na'urar ta yi nauyi. Kafin shafi ɗaya ya buɗe na shanye kokona har na wanke kofin. Masu sani suka ce in sa mata Linux, manhajar nan ta kyauta wadda kowa ke da ikon leƙa cikinta. Na sa, ta tashi garau kamar wadda ta yi wankan Sallah. Amma wayfai ya ɓace ɓat, ko alamarsa babu a kan allo.

Asabar biyu suka wuce. Na gwada da waya, amma yarinyar ba ta ganin baƙaƙen da nake nuna mata, sai ta kifa kai a tebur. 'Yarka Rakiya, mahaifiyarta, ta sanar da ni cikin ladabi cewa idan Asabar ta uku ta gagara, za ta sa ta a wata makaranta a can, inda ba a jin Hausa ko kalma ɗaya, domin ranar Litinin ake rufe rajista.

Na jona wayata da kebur ta ara wa kwamfutar intanet, na shiga bincike. Na gano cewa akwai ɗan kati a ciki mai kamo wayfai, kuma yana bukatar wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, wadda ke yi masa tafinta. Na karanta sunan da ke kan murfin kwamfutar, na sauke direban da ya dace da wannan suna. Shiru. Na sake, na kuma sakewa har sau huɗu, ina gumi kamar ɗan dako a kasuwar Makola.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani bawan Allah a wani dandalin intanet na masu taimakon juna, wanda ban san ko ƙasarsa ba, ya ba ni umarni guda in rubuta a baƙin allo. Na'urar ta jero sunayen kayan cikinta. Sunan katin dabam, ba shi da wata dangantaka da na murfi.

Na zaci ƙarya take yi. Na ɗauko sukudirebanka da iyalinka suka ba ni, na yi bisimilla, na kwance bayanta. Ga katin nan, bai fi kan sarkin wasiƙa girma ba, an manna masa filasta, a kai kuma rubutun ajami da hannunka: "Na ciro shi daga gawa. Ya fi na asali."

Alhaji, a nan na zauna a ƙasa. Yaya aka yi na manta da yadda kake aiki? Kai da ke tara matattun kwamfutoci uku ka tayar da guda, murfi na wata, ciki na wata. Kwana goma sha huɗu ina neman magani da sunan wanda ba shi ne majinyacin ba. Na yi dariya, sannan na jiƙa gemuna da hawaye.

Na sauke direban katinka na gaskiya, na kashe na kunna. Sai ga sunayen wayfai sun jeru kamar sahun salla: na mai aski, na tela, nawa a kan gaba. Maƙwabta sun ji kabbarata har bakin titi. Nan take baiti ya zo mini:

Layi ya dawo, ƙofa ta buɗe,
Duhun kwana goma sha huɗu ya yaye,
Mai gyara ya tafi, shago na rufe,
Amma hannun Bawa bai gushe.

Jiya Asabar mun yi darasi, baƙaƙe tar a kan allo. Rakiya ta ce ta fasa rajistar. Da na ba jikarka aikin gida, sai ta murtuke fuska irin taka sak, ta ce da Hausa tsantsa, "Malam, ya yi yawa." Wallahi ban taɓa jin ƙorafi mai daɗin wannan ba, har na rage mata layi biyu.

Allah Ya yalwata makwancinka, Ya haskaka shi, Ya sa kowane harafi da yarinyar nan za ta karanta ya zama lada a gare ka, Ya sada mu a Aljanna. Amin.

Naka har kullum,
Malam Tanko, Nima