Na Auna Kaina a Sikelin Abincin Ɓeraye

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya fi ƙarfina.

Aikina kula da fararen ɓeraye ne a ɗakin binciken wata jami'a. Ni ke ba su abinci, in share kejinsu, in ɗiga wa mazan ruwan wani ganye da malamai ke tacewa, don a ga ko yana gyara musu ƙwayoyin haihuwa. Da safe rana kan shigo ta tagar sama ta sauka a kejin ƙarshe, inda wata uwa ke kwance da 'ya'ya goma sha ɗaya, jajaye, ido a rufe. Sai in tsaya in manta kaina. Nakan hango wata 'yar yarinya mai kunnuwan matata tana jan ƙafar wandona, har suna na raɗa mata. Kafin in farga bokitin da na tara a famfo ya cika yana zuba.

Shekararmu shida da aure, shiru. Bara na je asibiti a ɓoye, likita ya ce matsalar daga gare ni take, ƙwayoyin sun yi kaɗan. Takardar tana durowata a wurin aiki, ƙarƙashin safar hannu, ban nuna wa kowa ba. Sai na hau sikelin da muke auna buhun abinci na yi lissafi: in ɓera mai giram ɗari biyu yana shan ɗigo kaza, ni nawa zan sha? Wata huɗu ke nan ina kurɓe ragowar kwalba kafin in wanke ta. Ɗaci kamar me, amma in na haɗiye sai in ji raina ya yi fari har yamma.

Matata kuwa laifin kanta take gani. Mahaifiyata kuma da kallo kawai take bin ta. Yanzu an sa wa matata ranar Laraba za a duba mahaifarta, kuma an ce gwajin da zafi. Nakan ce in ƙara wata biyu, ganyen zai yi aiki, ba sai ta taɓa sani ba. Ina son ta, Anti, kunya ce ke cina. In jira?

Mai Kiwon Ɓeraye

Ƙanena,

Na tausaya maka, kuma ban yi dariya ba sai a wajen sikelin nan, ita ma kaɗan.

Ka ajiye kwalbar yau. Ka fi ni sanin cewa abin da ya yi wa ɓera aiki ba lallai ya yi wa mutum ba. Malamanka ma tambaya suke yi, ba su kai ga amsa ba, kuma ba wanda ya duba abin da ruwan ke yi wa hantarka da ƙodarka. Ka koma wurin likita ka faɗa masa abin da ka sha. Ƙarancin ƙwayoyi ba rashinsu ba ne, akwai hanyoyin da ake bi.

Kunyarka na gane ta, maza da yawa a nan suke maƙalewa. Amma shekara guda ke nan baiwar Allah tana ɗauke da kayan da ba nata ba. Ka kai mata takardar kafin Laraba. Za ta yi fushi, kuma tana da gaskiya, ka zauna ka saurara. In likita ya ce ita ma a duba ta, sai ta shiga da saninta.

Mace takan jure jiran haihuwa tare da mijinta shekara da shekaru. Abin da ba lallai ta yafe ba shi ne ta gano ka raka ta har ƙofar ɗakin gwaji alhali ka san amsar.

Allah ya ba ka ƙarfin halin faɗa, ya sanyaya mata zuciya, ya ba ku masu albarka.