Littafin da ya zo da injin hoto

Ƙanƙara, daren Laraba, watan Rajab

Na kasa cin tuwo. Littafin kiyaye haɗarin hoton ƙashi yana gabana, wanda Likita ya ce in duba ko ya dace a raba wa sababbin asibitocin da gwamnati ke ginawa da kuɗin fetur a Faskari da Sabuwa. Ji nake kamar in cusa shi a murhu.

Hasken injin na iya cutar da ɗan da ke ciki, amma cewa littafin ya yi a tambayi mace ko tana da ciki kafin a haska ta, shi ke nan. Yau aka kawo wata daga Daudawa da ciwon ƙugu, uwar mijinta na tsaye a kanta. Na tambaya, ta sunkuyar da kai ta ce a'a, na ɗauki hoton. Sai daga baya Hajiya Binta ungozoma ta ja ni gefe: "Malam Sani, cikin fari ne. Ta yaya za ta faɗa wa namiji a gaban surukarta?"

Na san wannan kunyar sarai. Amma na bi littafi, don Malam Garba da ya koya mini aikin shi ya rubuta gabatarwarsa, ya ce babu kamarsa. Ashe kamfanin da ya sayar da injin ne ya buga shi. Yabon inji babi-babi, haɗarinsa bai cika shafi ba.

Gobe zan ce kada a raba. Ita kuwa baiwar Allah, sai ranar haihuwarta zan san abin da na yi mata.