Wasiƙar Gabon Ta Yi Kwana Goma Sha Bakwai Babu Mai Karantawa

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Kwamitin Ajin Matan Aure na unguwarmu, Ƙaraye.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan kwamiti. Yaya aiki, yaya haƙuri da jama'a? Allah Ya ƙara girma.

Sunana Rabi, matar Garba baduku, 'yar marigayi Malam Sani na Zoza, wanda kuka yi karatun allo tare. Ina cikin matan farko da suka rubuta suna a ajin da kuka buɗe mana bayan la'asar. Sau biyu maigidana yana zuwa zaurenka da wannan magana, sau biyun kuma an ce masa kwamiti zai duba. Shi ya sa na aika da ita jarida. Ba raini ba ne, Baba. Na rasa inda zan kai kukana ne.

Na farko, abin da ya kai ni ajin.

Yayana Sabo tela ne. Shi ya koya mini haɗa baƙi tun kafin a sa ni firamare, shi ne kuma yake sayo mini 'yan littattafan labarai duk sanda ya shiga Kano. Har yau suna nan a akwatina, wasu bangonsu ya fita don yawan karatu. Da sana'a ta yi wuya sai ya bi abokansa zuwa Gabon. A can ya auri wata baiwar Allah 'yar ƙasar, ta musulunta aka sa mata Maryam. Ba ta jin Hausa, sai yarensu da Faransanci. Yaya yakan aiko mana da kaset in ya sami mai zuwa, mu zauna da Inna mu saurara, a ƙarshe ya miƙa wa Maryam ta ce "sannu Inna" da wata irin murya da take sa mu dariya da hawaye a lokaci guda.

Da na ji kun sa Faransanci a cikin darussa, ranar ko abinci ban iya ci ba don murna. Ni mai yawan mafarki ce, kowa ya sani. Na riga na hango kaina na sauka daga jirgi, matar yayana ta tarye ni, muna hira babu tafinta.

Na biyu, Malama Hadiza.

Ita kuka fara ɗauka. A Maraɗi ta tashi, aure ya kawo ta Kafin Dafga. Takardarta ƙarama ce, amma harshen yana bakinta. Wata huɗu ta yi da mu. Ta koya mana gaisuwa, ranakun mako, ƙirga, da sunayen dangi: uwa, miji, wa, jariri. Takan mai da ajin kasuwa, ta ɗora tumatir a benci ta ce, "Rabi, in kika yi mini ciniki da Hausa, yau miyarki babu tumatir." Ranar ƙarshe da muka gan ta, ta ce mako mai zuwa za mu shiga sassan jiki da yadda ake faɗa wa likita inda ke ciwo.

Ba mu yi wannan darasin ba. Kun sallame ta.

Na uku, wanda kuka kawo.

An gaya mana an sami ɗan gari mai digiri a kimiyyar harshe, Malam Nasiru. Ɗaya daga cikin dattawan kwamiti ya tsaya a ƙofar aji ya ce mun yi sa'a, wanda ya karanci harsuna a jami'a ai babu yaren da zai gagare shi, ita kuwa Malama ɗaya tak ta sani. Muka yi tafi. Ni ma na yi.

Ina so a fahimce ni, ban zo ɓata Malam Nasiru ba. Mutumin kirki ne, kuma yana da ilimi. Ya zana mana bakin mutum a allo, ya nuna inda kowane sauti yake fitowa. Ya ba mu labarin yadda harsuna suke da dangi kamar mutane, wasu 'yan ɗaki ɗaya, wasu sun rabu tun zamanin da babu mai tunawa. Nakan koma gida ina tuƙa tuwo ina tunanin abin kamar labarin littafi. Shi ya gyara mini rubutun Hausa, da alherinsa nake rubuta wannan takarda. Amma a jadawalin da ke manne a bango, sunan darasin bai canza ba, Faransanci aka rubuta. Wata bakwai muka yi, ban ƙaru da jimla ɗaya da zan faɗa wa Maryam ba.

Na huɗu, wasiƙar.

Tsakiyar damina aka kawo ta daga gidan waya, da tambarin Gabon. Ba hannun Yaya ba ne. Shafi biyu ne da Faransanci, rubutun a haɗe yake kamar zaren saƙa. Na zauna a bakin gado na bi ta layi layi. Na gane gaisuwa. Na gane sunan Yaya da na Inna. Na gane Laraba. Sai na ga kalmar jariri har sau uku.

Baba, a nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. A littattafan da na saba karantawa, wasiƙar da ta zo daga nesa da maganar jariri albishir ce. Kalmomi biyar na sani, sauran shafi biyun na cike su da mafarkina. Washegari Garba ya ɗauke ni a babur zuwa Zoza, na ce wa Inna an yi wa Yaya haihuwa. Ta yi guɗa. Ta soya gyaɗa ta raba wa maƙwabta.

Duk da haka na kai wa Malam Nasiru don in ji sauran bayani. Ya duba, ya ce in bar masa. Kwana shida tana hannunsa. Daga baya na ji har ƙamus ya aro daga wani malami a Rogo, yana bin ta kalma kalma, rubutun hannun ya ƙi ba shi hanya. Ran na bakwai ya miƙo mini ita kansa a ƙasa, ya ce, "Malama Rabi, ki yafe mini. Zan iya gaya miki yadda aka gina wannan harshe, amma ba na jin sa. Na faɗa wa kwamiti tun ranar farko, aka ce in dai yi abin da na iya."

Na nemi Malama Hadiza, aka ce bayan sallamarta ta tafi Maraɗi jinyar mahaifiyarta. Ranar kasuwa Garba ya sami wani direba ɗan Nijar, yana jin harshen amma bai yi boko ba. Tun da a zatonmu albishir ne, babu wanda ya ga dalilin gaggawa. Na sa wasiƙar a kwalla na rufe, muka jira ranar da Garba zai kai takalma Kano.

A can wani ɗan kasuwa mai zuwa Kwatano ya karanta masa. Haihuwar gaskiya ce, mace, an sa mata sunan Inna. Amma abin da ya sa Maryam ta rubuto shi ne Yaya yana kwance, ciwon ya ci ƙarfinsa, likita ya sallamo shi gida. Ba ya roƙon komai sai ya ji muryar Inna. Ta rubuta lambar tarhon wani kanti da ke jikin gidansu, ta ce kowace Laraba da yamma za su tallabo shi su zaunar a nan, su jira. Lambar tana ƙasan shafi na biyu. Na gan ta, na zaci ta akwatin gidan waya ce.

Garba ya tafi ofishin tarho a take. Wani Bahaushe maƙwabcinsu aka kira masa. Yaya ya rasu kwana biyar kafin nan. Laraba biyu ya yi a kan benci a kantin, bayan wasiƙar ta riga ta shigo hannuna.

Daga Zoza zuwa Kano tafiyar yini ɗaya ce, Baba. Da mun sani, da mun kai Inna ofishin tarho ya ji muryarta.

Na sani kwana ya ƙare ne, babu harshen da zai ƙara wa bawa numfashi ɗaya. Ban ce kwamiti ya kashe yayana ba. Abin da na ce shi ne, kun auna malaman biyu da girman takarda, ba ku tambayi ko ɗaya daga cikinmu me ya kawo ta ajin ba. Ilimin Malam Nasiru yana da daraja da wurinsa. Amma mace mai ɗan'uwa a ƙasar waje, ranar da takarda ta zo, mai jin harshen take bukata.

Ga roƙona.

Ɗaya, a aika wa Malama Hadiza, a ba ta haƙuri, a mai da ta aji. Na ji ta dawo Kafin Dafga.

Biyu, kada a kori Malam Nasiru saboda wannan takarda. A ba shi darasin Hausa da sunansa na gaskiya, a nan babu kamarsa.

Uku, nan gaba duk wanda za a ɗauka ya koyar da wani harshe, a fara miƙa masa wasiƙa ya karanta a gaban mai jin harshen.

Ba don abin da ya wuce kawai nake roƙo ba. Makon jiya wata wasiƙar ta zo daga Maryam, da hoton yarinyar a ciki, goshinta sak na Yaya. Inna ta sa hoton a ƙarƙashin matashinta, kullum tambayarta ita ce me uwar ta ce. Garba zai kai wa ɗan kasuwan nan ya karanta, amma amsa fa? Ba zan iya zama a gaban baƙon namiji a rumfar kasuwa in faɗa masa abin da ke zuciyata game da yayana ba. Ina so in rubuta wa matar nan da hannuna cewa ba ƙin kira muka yi ba. In ban faɗa mata ba, haka za ta gaya wa 'yarta.

Wannan karon ban ƙirga kalmomin da na sani ba. Na ninke wasiƙar na ajiye.

Allah Ya ja kwananka, Ya yi maka jagora a cikin amanar da ka ɗauka, Ya sa kada ka taɓa riƙe takardar ɗanka ka rasa mai karanta maka. Allah Ya ji ƙan Yaya Sabo da iyayenmu baki ɗaya.

Wassalam.

'Yarka,
Rabi matar Garba baduku,
Ƙaraye.