Na Goge Gonar Babana, Saura Kwana Shida Ya Dawo

Anti Namukolo,

Don Allah ki taimake ni da shawara, in da hali kafin Asabar mai zuwa. Sunayen mutane kaɗai na sauya a wasiƙar nan. Sauran abubuwan sai da na duba kowanne sau biyu kafin na rubuta.

Shekarata ashirin da uku. Wata huɗu ke nan da na gama digiri a fannin lantarki, ina gida a Kitwe ina jiran kiran aiki. Mahaifina ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin lantarki a kamfanin haƙar jan ƙarfe kafin ya yi ritaya. Ba ya shan giya, ba ya kallon ƙwallo. Abu ɗaya ne nasa. Duk Lahadi in an dawo daga coci an ci nshima, tuwon masararmu, sai ya jona wata tsohuwar na'urar wasan bidiyo da talabijin, ya cusa kaset ɗinsa, ya yi awa biyu yana noma.

Wasan gona ne. Kana da ɗan fili a bakin kogi, ka yi shuka, ka yi kiwo, ka gaisa da mutanen ƙauye. Babu harbi, babu tsere, kuma ba ya ƙarewa. Baba ba ya gaggawa a cikinsa, sai ya gaida kowa kafin ya taɓa fartanya, shi ya sa shekara ɗaya ta wasan take cinye masa Lahadi goma. Lokacin da ya tafi jinya Lusaka, gonar tana shekara ta sittin da ɗaya.

Shi da amininsa Lombe suka sayi na'urar a kasuwar Chisokone a 1999, ta hannu ce. Lombe ne ya fara gonar, har sunansa mai gonar yake amsawa. Shi ya dasa bishiyoyin lemo a bayan ɗaki, layin ya karkace har ɗaya ta tare hanyar zuwa rijiya. An ce Baba ya yi ta yi masa tsiya, wai mutumin da ke jan waya a miƙe a ƙarƙashin ƙasa ya kasa jera lemo a fili. Lombe ya rasu a 2004, ina da shekara uku, ban riƙe fuskarsa ba. Amma tun da na yi wayo nake ganin Baba yana zagaye bishiyar nan in zai je rijiya. Gatari yana nan a wasan. Bai taɓa ɗaga shi a kanta ba.

Kada ki ɗauka shirme ne, Anti. Bara ma sai da ya gano sabon abu a ciki. An kira shi a waya ya bar mai gonar tsaye a bakin kogi ana ruwa, da ya dawo sai ya tarar tsohon mai kwale-kwalen ƙauyen ya zo ya kifa masa malafarsa a ka. Baba ya fito da gudu har kicin wajen Mama, yana kiranta da sunan da ya saba kiranta, yana cewa, "Bana Kangwa, bar tukunyar nan ki zo ki ga mutunci!" Mama ta ce, "To ka ce ya haɗo maka da 'yan kifin kapenta, tunda gonar taka ko kabewa ɗaya ba ta taɓa kawo mana ba." Amma ta je ta gani. Ranar ya ce mini, "Injiniya, wanda ya zana wannan ya san mutum ɗaya cikin dubu ne zai tsaya cikin ruwa har ya gani, amma ya zauna ya zana. Irin wannan in ya ja miki waya a gida, jikanki ma ba zai nemi mai gyara ba."

Yanzu ga abin da na yi.

Mako uku da suka wuce Baba ya tafi Lusaka aka cire masa yanar ido, yana jinya a gidan ƙanwarsa. Irin wannan kaset ɗin, wani ɗan batiri mai kama da kwabo ne yake riƙe duk abin da aka ajiye a cikinsa. Ranar da batirin ya mutu, komai ya tafi. Na daɗe da wannan fargabar, sai na buɗe na auna. Ya kamata mita ta nuna bolt uku, ta nuna biyu da ɗigo shida. Na ce bari in sauya masa kafin ya dawo, ya zama aikina na farko da digirin nan. Akwai dabara: a maƙala wani batirin da waya ya riƙe wutar, sannan a narka dalma a cire tsohon. Ban yi gaggawa ba. Na sayo tsofaffin kaset uku na gwada a kansu, duka ukun suka yi. Ranar Talata da ƙarfe goma da minti arba'in na safe na ɗauki na Baba. Ina ɗaga tsohon batirin, gefen hannuna ya taɓa wayar, ta zame. Ko daƙiƙa ɗaya ba a yi ba na mayar da ita. Da na kunna, sai wasan ya tambaye ni sunan da zan ba mai gona.

Na rubuta Lombe. Ban san me ya sa ba, hannuna ne kawai ya yi.

Yau kwana goma sha biyu ina sake gina gonar daga abin da na tuna. Na mayar da rumbu, na sayi shanu huɗu na ba su sunayensu, na kai shekara ta takwas. A kan bishiyoyin na maƙale, na rasa bakwai ne ko takwas. Mama ta shigo da tsintsiya ta tsaya a bayana ta daɗe, sannan ta ce, "Bakwai ne. Ta huɗun ki matsar da ita hagu. Ke dai 'yar ubanki ce, har yadda kike cizon leɓe." Na fara yi mata bayani, ta ɗaga hannu ta ce, "Ni ban gani ba, ban ji ba. Ku ƙarata ke da shi. Ɗaga ƙafa in share."

Na yi lissafi. Ko da zan riƙa kwantar da mai gonar yana barci don kwanaki su yi ta wucewa, shekara ɗaya tana cin awa uku da minti ashirin. Saura shekara hamsin da uku, wato awa ɗari da saba'in da shida da minti arba'in. Kwana shidan da suka rage mini awa ɗari da arba'in da huɗu ne, ko ban runtsa ba. Ba zai yiwu ba. Sai dai wata da muka yi karatu tare tana da na'urar da ke karanta cikin kaset ta yi rubutu a ciki. Ta ce in kawo ranar Alhamis ta mayar da takwas ta koma sittin da ɗaya. In an yi haka, ƙananan abubuwa ne kawai za su bambanta. Kuma ga tunanin da ya fi ba ni kunya: Baba ya yi shekaru yana ganin allon nan dishi-dishi, duk abin da ya ga ya sauya zai ce sabon ido ne.

Jiya ya kira ni. Ya ce, "Injiniya, ina shanuna? Kin ba su ruwa? Ke, likitan nan ya iya aiki, ashe Gwaggonki ta tsufa haka ban sani ba! Bari in dawo in ga lemon Lombe da idon yaro." Na ce, "Suna nan lafiya, Baba." Ban taɓa yi masa ƙarya irin wannan ba.

Akwai abu ɗaya kuma da ke cina. Tsohon batirin yana cikin ambulan a ɗakina. An buga 2012 a jikinsa, kuma dalmar da ta riƙe shi ba ta kamfani ba ce, aikin hannu ne, tsaf. Wato Baba ya taɓa yin wannan aikin da kansa ya ci nasara, ni mai takardar digiri na kasa.

Anti, in kai kaset ɗin ranar Alhamis, ko in gaya masa? In na faɗa, na raba shi da abu na ƙarshe da Lombe ya taɓa da hannunsa. In na yi shiru, ban san yadda zan zauna kusa da shi ranar Lahadi ba.

Taki,
Mai Hannun da Ya Zame, Kitwe

*

'Yata Mai Hannun da Ya Zame,

Na tsallake wasiƙu tara na ɗauki taki saboda Asabar ɗin nan, don haka zauna ki saurara.

Da farko, ba ɓarna kika yi niyya ba. Batirin nan yana hanyar mutuwa ko kin taɓa shi ko ba ki taɓa ba, kuma wadda ta gwada sau uku kafin ta yi na gaske ba za a kira ta mai ganganci ba. Kuskurenki ɗaya ne, kin buɗe kayan mutum ba ya nan ba ki tambaye shi ba. Na kuma fahimci abin da ke jan ki zuwa ranar Alhamis. Kina so ki tare wa dattijo baƙin ciki, wannan kuwa ƙauna ce.

Amma kada ki je. Mutumin nan ya kwanta an taɓa masa ido don ya ga duniya yadda take. Zai zauna ya ga rumbu ya gusa, wata saniya ta sauya launi, ya juyo ya tambaye ki, ki ce masa ai dama haka suke. Daga ranar zai fara shakkar idonsa, ko ma ƙwaƙwalwarsa. Rasa gona ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba. Ke kuma duk Lahadi sai kin sake yin ƙaryar, alhali guda ɗaya ta waya ta hana ki sakat.

Yanzu bari in ari lissafinki, don akwai wanda kika tsallake. Kin ce shekarar wasa tana cin Lahadi goma, gonar kuma tana shekara ta sittin da ɗaya. Lahadi ɗari shida da goma ke nan, ba su cika shekara goma sha biyu ba. Da a ce gonar 1999 ce, da ta haura shekara ɗari da ashirin. Ki ƙirga baya daga yau ki ga inda kika faɗa, sannan ki sake duba lambar da ke jikin batirin nan na cikin ambulan. Ban san gidanku ba, zan iya yin kuskure, wataƙila akwai shekarun da ya ajiye wasan. Amma ni abin da nake gani shi ne, hannun wani ya taɓa zamewa a gidan nan kafin naki, shekara takwas bayan an binne Lombe. In haka ne, wa ya dasa lemon da kika tashi kina gani? Wa ya zauna ya karkatar da ta huɗu da gangan, don ya ci gaba da zagaye ta? Ina jin mahaifiyarki ta sani, shi ya sa ba ta yi kuskuren ƙirga ba.

Ga abin da za ki yi. Kada ki faɗa masa ta waya, yana jinya a gidan mutane. Ki bari ya iso, ya yi wanka, ya ci abinci. Kafin hannunsa ya kai kan na'urar, ki ajiye ambulan ɗin a gabansa ki faɗi abin da ya faru a taƙaice, yadda kika rubuta mini, har da awon da kika yi, shi ma'aikacin lantarki ne, zai gane. Ki nemi gafarar buɗe kaset ɗin, ki nemi ta maganar shanu daban. In ya yi shiru ko ya yi faɗa, ki bar shi, yana da haƙƙin jin zafi, kada ki cika shi da kuka har ya koma shi ke lallashin ki. Maganar 2012 kuma kada ki jefa masa ita kamar kin kama shi. Ki tambaya kawai, wa ya yi wannan liƙin mai kyau haka.

Daga yau ki daina wasan. Ki bar gonar a shekara ta takwas, shi zai zaɓa ko ya ci gaba daga nan ko ya share ya fara tasa. Ƙawar taki kuwa ki riƙe lambarta. Na'urar da ke iya rubuta ƙarya a kaset tana iya kwafe gaskiyar da ke ciki a adana, sai ku riƙa yin haka lokaci-lokaci, da saninsa.

Waɗanda suka ƙera wasan nan sun yi aikin da ya fi ƙarfin batiri biyu. Kogin yana nan, tsohon mai kwale-kwale yana nan da malafarsa. Bishiyoyin Lombe kuwa, a iya fahimtata, ba a cikin kaset aka ajiye su ba tun farko. Ranar Lahadi ki jawo kujera kusa da mahaifinki. In ya doshi rijiya ya iske ta huɗun ba daidai take ba, ki bar shi ya gyara da kansa, ke kuma ki kalla da kyau, don wata rana ke za a tambaya.

Allah ya ƙara wa idonsa lafiya, ya kawo miki aikin da kike jira. Duk kamfanin da ya ɗauke ki ya yi dace.

Anti Namukolo